Shawara: Ina son takarar ƙungiyar ɗalibai, Abba ya ce karatu ya tura ni

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a wata jami'ar gwamnatin tarayya a nan Arewa, ina aji uku, shekarata 21. Zango mai zuwa za a yi zaɓen SUG, wato ƙungiyar ɗaliban makarantarmu, ƙawayena da wasu 'yan sashenmu sun matsa mini lamba in fito takarar shugaba. Dalilinsu shi ne bara da muka yi makonni babu ruwa a ɗakin kwanan mata, ni na bi ɗaki-ɗaki na tara sa hannun ɗalibai, na yi ta zarya ofishin Din mai kula da harkokin ɗalibai har aka gyara injin burtsatsen. Gaskiya ni ma raina yana so. Amma da na taɓa wa Abba zancen sai ya ce karatu ya tura ni ba siyasa ba, kuma shi a zamaninsu ya ga yadda aka harbe ɗalibai. Yayana kuma ya ce addini ya hana neman mulki. Wasu sun ce in tsaya mataimakiya kawai, tunda ita ce kujerar mata. Sannan wani ɗan siyasa ya aiko cewa zai buga mini fosta kyauta. Sakamakona yana da kyau, ba na son ya lalace. Anti, wane dalili ne zai sa mutum ya jefa kansa cikin wannan harka? Akwai riba, ko wahala ce kawai?

Daga 'yarki (an sakaya suna).

Wa alaikumus salam 'yata. Ra'ayina shi ne ki tsaya, amma da sanin Abba da yardarsa, kuma ba da kuɗin wancan bawan Allah ba.

Abin da ya sa na ce ki tsaya yana cikin wasiƙarki. Yawancin masu rubuto mini a kan takara da kujera suke farawa: suna son a ce musu kwamared, suna son ofis, suna son a ga hotonsu a jikin bango. Ke da ruwa kika fara. Kin ga abin da ya lalace, kin gano ƙofar da ake bugawa, kin daure wa zarya har aka gyara. Wannan shi ne aikin ƙungiyar ɗalibai kacokan, kin riga kin fara shi ba tare da an zaɓe ki ba. Bambancin kawai shi ne a wancan lokacin alfarma aka yi miki da aka saurare ki. Takardar da ɗaliba ɗaya ta kai koke ce, ana iya cusa ta ƙasan fayil a manta da ita har ta gama makaranta. Wadda ta zo da hatimin ƙungiya kuwa sai an amsa ta, ko da amsar a'a ce.

Ki fahimci yadda jami'a take tafiya. Duk abin da ya shafi rayuwarku a ɗakin taro ake yanke shi: majalisar gudanarwa ce ke da ta cewa a kan kuɗi, majalisar malamai ce ke tsara kalandar karatu da jarabawa, sannan ga ƙananan kwamitoci na rabon ɗakunan kwana, da na masu shaguna da masu sayar da abinci, da na motocin cikin makaranta, da na tsaro. Ranar da kuka ga sanarwa a allo ko a WhatsApp cewa an ƙara kuɗin gado ko an matso da jarabawa, to an daɗe da gama magana. Ɗalibai dubbai, amma in za a kira wani daga cikinku kafin a yanke hukunci, shugabannin ƙungiya za a kira. Idan wanda ya shiga ɗakin bai san nawa ake sayar da kwanon shinkafa a bakin ɗakin kwananku ba, ko ya sani amma an riga an toshe masa baki, ku ne za ku ji a jikinku shekara guda cur. Kujerar nan ba za ta zauna babu kowa ba. In ba ki hau ba wani zai hau, kuma kin fi ni sanin su wa suke shirin hawa.

Ga kuma zamanin da kuka samu kanku a ciki. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya cinye wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, yara da yawa suka ajiye karatu shiru ba wanda ya ji labarinsu. Inda aka samu sauƙi, kamar biya kashi-kashi ko ƙara wa'adin rajista, za ki tarar akwai waɗanda suka zauna da hukuma suka ja magana. A Jami'ar Legas ma sai da aka yi zanga-zanga aka kuma zauna da shugabannin ɗalibai a watan Satumban 2023 kafin hukuma ta rage wani abu daga ƙarin. Yanzu ga bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, wanda ɗalibi ba zai samu ba sai makarantarsa ta tura bayanansa daidai. Yarinyar da ta zo daga ƙauye, ba ta san kowa ba, aka yi kuskure a lambarta, wa zai kama hannunta ya kai ta ofishin da ya dace? Irin wannan aikin ba a sa shi a fosta, ba a yi masa tafi a daren gabatar da manufofi, amma shi ne ke raba wadda ta gama da wadda ta koma gida.

Kin tambayi ribarki ke kanki, kuma ba abin kunya ba ne ki tambaya. Akwai. A shekara ɗaya za ki koyi abin da babu lakcar da ke koyar da shi: yadda ake tsara kasafin kuɗi a kuma kare shi a gaban majalisar wakilan ɗalibai da ke neman inda za ta kama ki, yadda ake rubuta wasiƙar da farfesa zai karanta har ƙarshe, yadda ake tsayawa gaban wanda ya isa ya haife ki a ce masa "Ranka ya daɗe, ba mu yarda ba" cikin ladabi, ba rawar murya. Wanda ya fi duka a wurina shi ne za ki fita daga cikin naki. Ƙuri'ar 'yan garinku da ta ƙawayen masallaci ba za ta kai ki ko'ina ba. Dole ki je wajen 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci, kamar yadda za ki je wajen 'yan MSS ta ɗalibai Musulmi, ki zauna da ƙungiyoyin jihohi, ki roƙi ƙuri'ar ɗan Binuwai da 'yar Inugu da ba su jin Hausa, ki ji abin da ke damunsu wanda ba ki taɓa lura da shi ba. Mutane da yawa suna gama jami'a har su yi ritaya daga aiki ba su taɓa yin wannan ba, kuma ana gani a yadda suke magana a kan ƙasar nan.

Za a lissafa miki waɗanda suka tashi daga nan suka yi suna. Opeyemi Bamidele ya shugabanci NANS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, kafin ya zama jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawa a 2023. Labaran Maku daga gwagwarmayar ɗalibai a Jami'ar Jos ya fito kafin ya zama ministan yaɗa labarai. Omoyele Sowore ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Legas. Tun 2018 kuma doka ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, wato ke saura miki shekara 4. Duk gaskiya ne, amma kada ki sa wannan ya zama dalilinki na farko. Wanda ya shiga don a gan shi a sama, tun watan farko idonsa yana kan gidan gwamnati, ba ya kan ɗakin kwanan ɗalibai. Su ne ake gani suna bin ofisoshi da lambar yabo a hammata, suna naɗa kowane mai kuɗi "gwarzon matasa". Su suka zubar wa harkar mutunci har iyaye suke jin sunanta su ɗaure fuska.

Wannan ya kawo mu ga Abba. Kada ki kuskura ki ɗauki tsoronsa a matsayin tsoron tsoho. Abin da ya faɗa ya faru. A watan Afrilun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da ɗalibai a faɗin ƙasa, abin da aka sani da "Ali Must Go", saboda Kanar Ahmadu Ali ne ke riƙe da ma'aikatar ilimi. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, aka kori shugabanta Segun Okeowo daga jami'a. A 1980 aka kafa NANS a madadinta. Shekara 8 bayan "Ali Must Go", a 1986, ɗaliban ABU suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe, hukuma ta hukunta shugabanninsu, rikici ya kai ga shigowar 'yan sanda harabar Samaru, aka sake rasa rayuka a ranar 23 ga Mayu. Shugaban jami'ar na lokacin, Farfesa Ango Abdullahi, ya bar kujerar a sanadin haka. A 1989 gwamnatin Babangida ta yi dokar da ta ba hukuma ikon rusa ƙungiyar ɗalibai. Duk wanda ya yi jami'a a waɗannan shekaru yana da fuskar da yake tunawa in an ce ƙungiyar ɗalibai, kuma mai yiwuwa Abba yana da tasa.

Tarihin yana da ɗaya gefen. Ɗalibai na cikin waɗanda suka matsa har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a watan Janairun 1962. A Nijar, harbin ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 na cikin abin da ya tilasta wa gwamnatin Ali Saibou buɗe ƙofar babban taron ƙasa na 1991. Amma ni ba da wannan nake so ki je wa Abba ba, domin uba ba ya son jin cewa jinin ɗan wani ya gyara ƙasa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ranar da ran ɗalibai ya ɓaci, dubu suka taru a dandali suna ihu, mutum biyu ko uku ne ke yanke ko za a fita bakin ƙofa ko za a koma a rubuta takarda. A irin wannan rana gara a samu mai sanyin kai a gaba. Ki kuma sani, idan aka fasa gilashi ɗaya, ko kina ɗaki kina barci, sunanki ne na farko a takardar tuhuma. Idan ba za ki iya tsayawa gaban taro ki ce musu a'a suna yi miki ihu ba, to ki haƙura tun yanzu, domin wannan ma cikin aikin yake.

Maganar yayanki tana da tushe. Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura roƙon shugabanci, ya kuma gaya wa Abu Zarri cewa amana ce, kuma nadama ce ranar ƙiyama sai ga wanda ya ɗauke ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Amma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kafa hujja da cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Malamai da dama sun haɗa biyun da cewa abin zargi shi ne kwaɗayin girma, ba gabatar da kai ga aikin da mutum ya san zai iya kuma yake tsoron ya faɗa hannun wanda zai ɓata ba. Ki zauna ke da yayan naki gaban malamin da dukanku kuka yarda da shi, sannan ki yi istihara. Wace ce ke a cikin biyun nan, zuciyarki ce ta sani, ba ƙawayenki ba.

A kan masu cewa mataimakiya ce kujerar mata: ki nemo kundin tsarin mulkin ƙungiyarku ki karanta shi daga bango zuwa bango. Abin mamaki, da yawan 'yan takara ba su taɓa buɗe shi ba. Ki duba aikin kowace kujera, wa ke sa hannu a kan kuɗi, wa ke zama a wane kwamiti, mene ne mafi ƙarancin GP, wato matsakaicin makin jarabawa, da ake tantance mutum da shi. A wasu makarantun mataimakiya tana da aiki na gaske, a wasu kuma ado ce, aikinta shirya makon ɗalibai da zama gefen shugaba a hoto. Kuma ki duba kujerar daraktan walwala da idon basira. Idan abin da ke ci miki rai ruwa ne da wuta da banɗaki da asibitin makaranta, sau da yawa can ne aikin yake, alhali shugaba rabin lokacinsa a taro da sulhu yake ƙarewa. Ki zaɓi kujera saboda abin da kike son gyarawa. Idan kin duba kin ga shugabancin ne, to ki neme shi, kada wani ya sauko da ke don ke mace ce.

Sai dai ki shirya wa baki. Abin da za a yafe wa namiji ba za a yafe miki ba. Za a tono hotunanki, za a haɗa ki da malamin da ko gaisawa ba ku taɓa yi ba, za a ce ba ki da kamun kai saboda kin riƙe lasifika. Ba a kanki aka fara ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a zamanin NEPU saboda ta ce mata su ma su yi zaɓe, yau ga asibitin gwamnati da sunanta a Zariya. Ki gaya wa Umma tun kafin ta ji a waje, in kuma akwai wanda ake maganar aure da shi, shi ma ya ji daga bakinki. Ki tsare lokacin taronki, kada ki yarda da zaman dare a ɗakin kowa, ki riƙa tafiya da abokiyar rakiya, ki bar musanyar zagi a intanet ga masu lokacinta.

Fostar ɗan siyasa kuwa, ki yi masa godiya ki ce an riga an tanada. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba don ya damu da ruwan ɗakin kwananku ya aiko ba. Yana son ranar da babban zaɓe ya gabato ki cika masa motoci da ɗalibai, ko ki fitar da sanarwa da sunan dubban mutanen da ba su aike ki ba. Kuɗin fom da 'yan fostoci ki tara daga 'yan ajinku da 'yan uwa, ɗari biyar, dubu ɗaya, ki rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a littafi. Kina da abin da kuɗi ba ya saya: abokan hamayyarki maza ba za su iya shiga ɗakin kwanan mata ba, ke kuwa kin taɓa bin sa ɗaki-ɗaki. Mata da yawa ranar zaɓe wanki suke yi ko su tafi gida, saboda ba wanda ya taɓa zama bakin gadonsu ya tambaye su damuwarsu. Ki yi alkawari biyu ko uku da kika san hanyar cika su. Kada ki ce za ki hana yajin aiki ko ki soke kuɗin makaranta, yaran yanzu ba sa cin wannan.

Wannan littafin rubuta kuɗi ya zama ɗabi'arki har bayan kin ci. Kuɗin ƙungiya shi ya fi komai kayar da shugabannin ɗalibai. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kada ki karɓi kuɗi a asusunki na kanki ko da na kwana ɗaya ne, ki ajiye rasit ɗin ko da ledar ruwa ce.

Karatu kuma, nan ne Abba ya fi gaskiya. Wa'adinki zai faɗo a shekarar ƙarshe, shekarar furojet, wato binciken kammala digiri. Ba malamin da zai ƙara miki maki don kina shugaba, akwai ma wanda zai ƙara sa miki ido. Dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lakca ba ta san kwamared ba. Mun ga waɗanda aka yi wa tafi a dandali, 'yan ajinsu suka tafi bautar ƙasa suka bar su suna gyaran kwas. Ki yanke wa kanki sa'o'in da waya take a kashe, ki je wajen mai duba furojet ɗinki tun kafin ki sayi fom ki gaya masa, ki ji ta bakinsa.

Yadda za ki koma wa Abba: ba ta waya ba, kuma ba da hujjoji a baki kamar mai muhawara ba. Ki fara da Umma, ita ta san lokacin da ake samun kansa. In akwai Kawu ko Gwaggo da yake jin nauyinsu, musamman wanda ya yi jami'a, a sa su ciki. Idan kun zauna, ki roƙe shi ya ba ki labarin abin da ya gani a zamaninsu, ki saurara har ya gama ba ki katse shi ba. Sannan ki ajiye masa takardar sakamakonki da kundin ƙungiyar, ki faɗa masa kujerar da kike so da dalili, ki kuma ba shi sharuɗɗan da shi zai riƙe ki da su: ba za ki karɓi kuɗin ɗan siyasa ba, ba za ki jagoranci fita titi ba, kuma idan sakamakonki ya sauka ƙasa da inda shi ya yanke, za ki ajiye muƙamin da kanki. Iyaye da yawa abin da suke tsoro shi ne abin ya fi ƙarfinsu. In suka ga linzamin yana hannunsu sukan sassauto.

Idan duk da haka ya ce a'a, ki bi. Ki nemi ya bar ki ki tsaya wakiliyar ɗakin kwananku ko ta sashenku a majalisar wakilan ɗalibai, wadda hayaniyarta kaɗan ce amma ita ke amincewa da kasafin shugabanni tana kuma iya tuhumarsu. In ya amince da babbar, to ki duba kundin nan ki ga ko da akwati za a yi ko ta intanet. In da akwati ne, ki sa wakili amintacce a kowace rumfa, kada ya tashi ko salla sai ya bar wani a madadinsa, kada kuma ya baro wurin sai an ƙirga a gabansa an ba shi kwafin sakamako mai sa hannu. In ta intanet ne, ke da sauran 'yan takara ku nemi a nuna muku jerin sunayen masu zaɓe tun kafin ranar, ku kuma nemi wakilanku su zauna a ɗakin da ake tattara sakamako.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Ki gaishe mini da Umma.

Anti